Ranar da Wetaka Ya Ce Bairos Ne

Shekara takwas Perusi Nandutu ta yi tana buga takardu a ofishin Lauya Opolot, a saman wani shagon fenti da ƙusoshi da ke layin Naboa a garin Mbale. Ofishin ɗaki biyu ne. Lauya yana ciki da littattafansa da butar shayinsa, ita kuma tana waje da kwamfuta da firinta da wani dogon benci da manoma ke zama a kai, hula a gwiwa, suna jiran a kira su. Kusan duk shari'un da ke zuwa musu na gona ne. Lauya mutumin Teso ne, ba ya jin yaren Bagisu, mutanen yankin, sosai, saboda haka Nandutu ce kunnensa. Ita ke sauraron tsofaffi, ta juya maganarsu zuwa Turanci, ta buga, ta karanta musu da yarensu, su dangwala yatsa.

A shekararta ta farko kwamfutar ofishin ta kusa raba ta da aikin. Wani filash da aka kawo daga shagon kwafe takardu ya shigo da bairos, aka wayi gari aikin wata uku ya ƙi buɗuwa. Ta zauna a bencin manoma ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta kira Wetaka.

Wetaka ba ɗan'uwanta ba ne na jini. Amma shekara ɗaya aka yi musu kaciya da yayanta Masette, rana ɗaya suka tsaya gaban wuƙa ba wanda ya ƙifta ido, kuma wannan zumunci ne da ba a wasa da shi. Da Masette ya rasu a haɗarin mota a hanyar Tirinyi, Wetaka ne ya je ya ɗauko gawar, shi ya tsaya a kan komai har aka binne. Tun daga nan take ce masa Yaya da zuciya ɗaya. Yana da shagon gyaran kwamfuta a bayan babbar kasuwa, kuma duk garin an san shi da wa'azi ɗaya, wa'azin Linux. In ka kai masa kwamfuta don a canja maka waya, sai ka ji rabin sa'a a kan tsarin nan na kyauta wanda ba na kowa ba ne kuma na kowa ne.

Ya zo da jakarsa, ya ceto abin da zai cetu, ya goge tsohon tsarin da ke kan kwamfutar ya ɗora Linux. Lauya ya fito da kofin shayi a hannu ya tsaya yana kallo.

"To maganin bairos fa? Nawa ake sayen na wannan?"

Wetaka ya yi dariya har sai da ya cire gilashinsa. "Lauya, wannan ba ya shan magani. Masu ƙera bairos 'yan kasuwa ne, inda jama'a suka fi yawa can suke kai hajarsu. Mu masu wannan mu nawa ne a Mbale? Ni da Perusi yanzu. Kuma duk manhajar da za a ɗora mata daga rumbu ɗaya take zuwa, an rubuta ta a buɗe, dubban mutane sun karanta ta layi-layi. Bar duk wannan ma. Ko tsinke ba ya shiga cikin injin nan sai an buga babbar kalmar sirri. Bairos ya zo, ya yi ta tsayuwa a bakin ƙofa har ƙafarsa ta gaji."

"Wa zai riƙe babbar kalmar?" in ji Lauya, wanda tambaya ce sana'arsa.

"Wanda kuka ga dama. Amma in kuka riƙe, ranar da wannan ƙanwar tawa ta danna abin da ba a ce ta danna ba, kada a neme ni."

Nandutu ta harare shi, sannan ta juya ga maigidanta. "Lauya, a bar ta a hannunsa. Ni na tsaya masa."

Lauya ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki.

Kuma abin ya yi kyau, ba ƙarya. Shekara bakwai kwamfutar nan ba ta taɓa cin takarda ko ɗaya ba. Wetaka yakan leƙo bayan wata biyu ko uku, ya sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa, ya cinye mata gurasar capatin da ta ajiye don rana, ya tafi. Nandutu da kanta ta zama 'yar wa'azi. In sakatarorin ofisoshin da ke kusa suka zo suna kukan bairos, sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Mu dai a nan sai dai mu ji labari."

Ana nan sai shari'ar ƙauyen Bunawoya ta zo. Wani kamfanin fasa dutse ya fito da takarda cewa ya sayi gefen tsauni gaba ɗaya daga hannun wani mutum da ya riga ya mutu, tun daga saman dutsen har gangaren da mutane ke da gonakin kofi da ayaba da kaburburan iyayensu. Mutanen ƙauyen suna tsoro, domin kamfanin yana da dogon hannu. Lauya ya yi musu alkawari cewa ba wanda zai ji sunan mai shaida sai ranar da aka tsaya gaban alƙali. Da wannan alkawarin tsofaffi goma sha huɗu suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa da ranarsa, kamar sun zo kasuwa. Nandutu ta saurare su, ta buga, ta ajiye a folda guda. Ko a takarda ba a fitar ba, don kada ta faɗa hannun wani.

Saura wata biyu a shiga kotu, wata Litinin da hantsi, Papa Wanzala ya hau matattakalar ofishin yana haki. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da wani abu, shi ne ya fi kowa sanin iyakokin Bunawoya. Bai cire hula ba, bai zauna ba. Ya nuna Nandutu da sandarsa.

"Ke kaɗai na gaya wa. Ke kaɗai, a kan wannan kujerar."

Lauya ya fito. Da ƙyar aka samu ya yi bayani. Mutum biyu ne suka je gidansa a kan babur, suka zauna ba a ba su kujera ba, ɗayan ya zaro waya ya karanta masa maganarsa. Ba ma'anarta ba, maganar kanta, har inda ya ce iyakar tana bin ɓauren da mahaifinsa ya ɗaure saniya ranar da aka haife shi. Suka ce masa tsoho ya kamata ya huta da hawa mota zuwa kotu. Ya kore su. Bayan kwana biyu aka wayi gari an sare masa itatuwan kofi sama da ɗari biyu, an kwantar da su a jere, 'ya'yan suna ja.

"Wasu ni na shuka su da matata kafin ta rasu," ya ce. Ya dogara da sandarsa. "Nawa suka ba ki, 'yata? Ki faɗa mini kawai in san farashina."

Bai jira amsarta ba, ya juya ya sauka.

Cikin kwana goma masu babur sun zagaya gida tara, har da na Papa Wanzala. Ba su yi kuskuren gida ko ɗaya ba. Tara ɗin duka suka aiko cewa sun manta abin da suka faɗa.

Lauya ya kira ta ciki ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Perusi, mutum biyu ne suka san abin da ke cikin foldar nan. Na san ban faɗa ba."

"Lauya, shekara takwas."

"Na sani. Shi ya sa ban kira 'yan sanda ba. Ki je gida tukuna. Ki bar mini makulli."

Ta sauka matattakalar. Mai shagon fenti ya gaishe ta, ba ta ji ba.

Mako uku ta yi a gida a Namakwekwe. Labari ya riga ta isa unguwar. A coci aka daina matsa mata wuri a bencin mawaƙa. Wetaka ne kaɗai bai canja ba. Yakan zo da la'asar da burodi ko kifi a leda, ya zauna a ƙofar ɗakinta. Ranar Lahadi ta biyu ta dafa masa malewa, wato tohon gora, da miyar gyaɗa, ya ci ya ƙara, ita kuwa tana gefe tana share hawaye da bakin zane.

"Yaya, ka san ni. Ka taɓa ganin na sayar da ko ƙwayar wake da ba tawa ba?"

"Haba Perusi. Ki bar kukan nan. Gaskiya za ta fito. Zan yi magana da Lauya da kaina."

Ya kuwa yi. Ranar wata Juma'a da safe Lauya ya buga mata waya ya ce ta zo. Ta tarar da Wetaka a kan kujerarta, kwamfutar a kunne, baƙin allo cike da rubutu yana gudu. Fuskar Lauya a sake take, irin sakin da ba ta gani ba tun zuwan Papa Wanzala.

"Zauna, Perusi. Ji abin da yayanki ya gano."

Wetaka ya gyara gilashi, idonsa a kan allo. "Bairos ne. Wani sabon iri, mai satar takardu ya tura waje. Wataƙila ta imel ya shigo. Ba laifin kowa ba ne. Gobe da safe zan zo in wanke ta tas in ɗora sabon tsari, shi ke nan an huta."

"Kin ji," in ji Lauya. "Ki yafe mini. Ranar Litinin ki dawo bakin aiki."

Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ta kusa durƙusawa ta gode. Amma sanyin bai daɗe ba. Shekara bakwai tana jin bakin nan yana faɗin abu ɗaya. Ta taɓa ganin ya yi musu da wani malamin jami'a a wajen biki har abinci ya huce, a kan cewa bai taɓa ganin bairos ya kama Linux a teburin kowa ba. Da a ce yau ya gani da idonsa, da Wetakan da ta sani ya tashi tsaye yana ihu, ya ɗauki hoto, ya kira abokansa na Kampala, ya kwana uku yana tona cikinsa. Wannan kuwa ya faɗe shi kamar mai faɗin farashin tumatir, kuma yana sauri ya goge.

"Yaya," ta ce, "ba ka ce sai da babbar kalma ba?"

"Duniya tana canjawa, Perusi." Bai kalle ta ba. Ya zare filash ɗinsa, ya ce yana da kwastoma yana jira, ya sauka.

Ta zauna a kan benci. Abin da ake so ta yi mai sauƙi ne, ta ce na gode, ta je gida, ta goge kayan da za ta sa ranar Litinin. An wanke sunanta, me kuma take nema? Sannan ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar Lauya.

"Lauya, kada a goge ta tukuna. A bar wani ya duba."

Ya ajiye biro. "An ba ki hanyar fita, kina neman rufe ta?"

"Ina neman in san abin da zan gaya wa Papa Wanzala."

Wadda ta kira Akiteng ce, malamar kwamfuta a wata makarantar koyon sana'a, wadda suke waƙa tare a coci, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ba su daina gaishe ta ba. Ita ma Linux take amfani da shi, sai dai ba ta yi wa kowa wa'azi. Ta iso bayan azahar a kan boda, babur ɗin haya, ruwa ya jiƙa ta, ta cire takalmi a bakin ƙofa ta ce a ba ta shayi kafin ta taɓa komai. Da aka ce mata ba su da babbar kalmar, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ofishin lauya? Kai, ku ma dai." Ta soka nata filash ɗin, ta tayar da kwamfutar daga kansa, ta shiga ta wata ƙofar.

Ta fara da maganin bairos. Ashe akwai na Linux, na kyauta ma. Ya yi kusan sa'a yana bincike, sannan ya fito da abu huɗu.

"Ga shi nan!" in ji Lauya. "Ashe gaskiyarsa."

"Tsaya, Lauya. Waɗannan a cikin tsofaffin takardun da aka turo muku ta imel suke. Ba na wannan tsarin ba ne, a nan kwance kawai suke, ko motsi ba sa iya yi. Sai dai in kun tura wa wani mai irin wancan tsarin, ku kai masa ciwon da ku bai kama ku ba. Don wannan kaɗai ya kamata ku riƙa dubawa. Amma ba su suka kwashe muku takardu ba."

Ta ci gaba da tonawa, tana ɗan rera waƙar da za su yi ranar Lahadi. Can waƙar ta tsaya.

"Perusi, ke kika sa a riƙa yi muku kwafin ajiya?"

"Wane kwafi?"

Akiteng ta juyo da allon. Layi ɗaya ne tak. Ta bi shi da yatsa tana fassara musu. Duk ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma, kwamfutar takan kwafi foldar shari'u gaba ɗaya ta tura wa wata kwamfutar ta intanet. An sa umarnin shekara biyu da suka wuce, da babbar kalma. A ƙarshen layin akwai adireshin inda kwafin ke zuwa, kuma a cikin adireshin akwai sunan shagon da ke bayan babbar kasuwa.

Nandutu ta karanta sunan sau uku, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya.

"Da muna da maganin bairos tun farko," Lauya ya tambaya a hankali, "da ya kama wannan?"

"A'a. Wannan ba cuta ba ce. Manhaja ce mai kyau, ni ma da ita nake ajiye aikin ɗalibaina. Maganin bairos ɓarawon da ya hauro katanga yake nema. In mai makulli ne ya shigo, gaishe shi zai yi." Ta duba agogo. "Huɗu saura kwata. In cire shi?"

"Cire wayar intanet ɗin kawai," in ji Lauya. "Layin ki bar mini shi yadda yake."

Ya so ya kira 'yan sanda a take. Nandutu ta roƙe shi abu ɗaya, ya ba ta rabin sa'a da Wetaka gobe kafin ya shigo da su.

Wetaka ya iso ƙarfe tara na safiyar Asabar da jakarsa da capati biyu a takarda. Ya tarar da ita zaune a kan kujerarta, allon a kunne, layin nan ɗaya an ƙara masa girma har ya cika fuskar kwamfutar. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ajiye capatin a kan benci a hankali.

"Wa ya taɓa ta?"

"Abin da za ka tambaya ke nan, Yaya?"

Ya zauna a bencin manoma, ya cire gilashi ya riƙe a hannu.

"Don ku na sa shi. Shekarar da tsawa ta ƙona kwamfutar masu inshora na kusa da ku, na ce in ta faru da Perusi fa? Na san in na tambaya Lauya zai ƙi, da dokokinsa. Shekara biyu ban taɓa buɗewa ba. Na rantse da kabarin Masette."

"Kada ka kira sunansa a ɗakin nan."

Ya juya gilashin a hannunsa. "Kin san dangin uwata suna ɗaya gefen tsaunin. Tun da aka haife ni ba mota da ta taɓa hawa can. Mata a kan kujera ake sauko da su in haihuwa ta zo da gardama. Kamfanin nan ya yi musu hanya, Perusi. Samari arba'in suna aiki, har da ƙannena biyu. In Lauya ya ci shari'ar nan a rufe wurin, su koma ina? Kawuna ya zo shago da shugaban ƙauyensu. Suka ce sunaye kawai suke so, a je a zauna da tsofaffin, a daidaita kamar 'yan'uwa."

"Sunaye kawai. Shi ya sa aka karanta wa Papa Wanzala saniyar ubansa."

"Ban san za su kai ga haka ba. Foldar na ba su gaba ɗaya, ban zauna na tsince ba. Da na ji maganar kofin nan kwana biyu ban ci abinci ba."

"Amma ka ci a gidana."

Ya mayar da gilashinsa, ita kuma ta ci gaba.

"Ka zauna a ƙofar ɗakina. Na dafa maka malewa ina kuka, ka ce in ƙara maka miya. Na tambaye ka ko ka san ni, ka ce gaskiya za ta fito. Kana kallona, Yaya. Mako uku. Mata suna janye 'ya'yansu in na wuce."

"Ai shi ya sa na kawo maganar bairos ɗin! Don in fitar da ke. Kin san abin da ya ci mini in faɗi wannan da bakina? Da kin yi shiru, da Litinin kina bakin aikinki, ba wanda ya ji ciwo."

Ta dube shi. Ta ga da gaske yake, har cikin ransa yana ganin alheri ya yi mata, kuma yana jiran ta gane. Wannan ya fi layin da ke kan allo yi mata zafi. Ta nemi fushin da ta kwana tana tarawa ta rasa, sai wata irin gajiya.

"Ni na ce a ba ka kalmar," ta ce. "Ba Lauya ba. Ni na ce na tsaya maka. Tsofaffin nan ba kwamfuta suka yarda da ita ba, ba su san ta ba. Fuskata suka gani suka buɗe baki."

"Perusi..."

"Rubuta ta a nan." Ta tura masa takarda da biro.

Ya rubuta babbar kalmar. Ta ninke takardar ba ta duba ba. A lokacin suka ji takun Lauya a matattakala, da na wani mai takalmi mai nauyi a bayansa.

Ranar Talata ta hau boda zuwa Bunawoya. Lauya ya ce ta bari ya rubuta musu wasiƙa, ta ce a'a. Hanyar ta yi laka, rabin tafiyar a ƙafa ta yi, takalmi a hannu. Ta bi gidaje goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage nata laifin ba. Wasu sun saurare ta daga bakin ƙofa. Wani ya saki kare. Papa Wanzala yana zaune a cikin kututturan kofinsa, ya ji ta har ƙarshe, ya ce ya ji, bai ƙara ko kalma ba.

Gida na ƙarshe na Mayi Nabukwasi ne, wata tsohuwa mai ido ɗaya wadda tana cikin taran da suka janye. Tana ɓare ayaba ta dafawa, ba ta daina ba har Nandutu ta gama.

"Wannan Wetakan, ɗan gidan wa ne?"

Nandutu ta faɗa mata.

"Na san uwarsa. Mun yi rawa tare muna 'yan mata." Ta jefa ayaba a tukunya. "To ke da kika hawo tsaunin nan da ƙafarki a cikin wannan lakar, ko dai mahaukaciya ce ko mai gaskiya. Yaushe ne kotun?"

"Ranar sha bakwai, Mayi."

"Ki turo mini mai babur wanda ba ya gudu. Ƙashina ba na yara ba ne. Zauna ki ci abinci, kin yi kama da kazar da ruwa ya doka."

Shaidu bakwai ne suka tsaya gaban alƙali, biyar ɗin da ba a kai ga gidajensu ba, da Mayi Nabukwasi, da wani tsoho da ta jawo da bakinta. Papa Wanzala bai zo ba, kuma shi kaɗai ne ya san iyakar sama. Bayan wata biyar aka yanke hukunci. Gangaren da ke da kaburbura da maɓuɓɓugar ruwa ya tsira. Saman tsaunin ya tafi, har da gonar Papa Wanzala.

Ƙarar da Lauya ya shigar a kan Wetaka tana nan, ana ta ɗaga ta. Ya kwana biyu a hannun 'yan sanda aka sake shi. Shagonsa a buɗe yake, sai dai Nandutu ta canja hanyar da take bi zuwa kasuwa. Kwamfutar ofishin har yau Linux ne a kanta. Akiteng ta zauna da ita Asabar shida ta koya mata yadda za ta sabunta ta da kanta da yadda za ta ga duk abin da aka umarce ta ta yi a ɓoye.

Sau ɗaya ta ƙara ganin Papa Wanzala, a tashar mota, wajen ƙarshen shekara. Yana tsaye kusa da motar Tororo da katifa a naɗe da buhu biyu, zai koma wajen 'yarsa. Ta yi niyyar ta wuce, ƙafarta ta ƙi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta, ya amsa.

"Yaron nan yana kurkuku?"

"A'a, Papa."

"Yana shagonsa?"

"Yana can."

Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake zato ke nan. Kwandasta ya fara dukan jikin motar yana kiran Tororo, Tororo, saura mutum biyu.

"Kama mini buhun nan," ya ce. "A hankali, akwai kwanonin matata a ciki."

Ta kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, suka ɗora. Ya shiga ya zauna a bakin taga, ya ɗora sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana kallon gaba. Ta tsaya a wurin har motar ta cika ta fita daga tasha, sannan ta tsallaka titi ta koma ofis, don akwai mutum uku a kan benci suna jiran ta.